Ranar da Aka Ji Muryar Kanari Zallarta

Babu wanda ya raɗa masa suna Kanari. Shi ya raɗa wa kansa, shi ya sa aka buga masa a bayan riga, kuma duk wanda ya kira shi da wani suna daban sai ya yi kamar da bango ake. Mawaƙi ne, waƙoƙinsa tara suna yawo a wayoyin mutane, kuma tsakani da Allah suna da daɗi. Sai dai daɗin nan yana da uba, wato Injiniya mai sitidiyo, mutumin da kan yi kwana uku a gaban kwamfuta yana ɗaga wannan baiti yana sauke wancan kafin waƙar Kanari guda ta miƙe da ƙafarta.

Ran nan ana ɗaukar sabuwar waƙa, Injiniya ya ce a sake wani baiti, karo na goma sha huɗu ke nan.

"Sau goma sha huɗu? Ni?" in ji Kanari. "Injiniya, kunnenka ne ya lalace ko na'urarka?"

"Oga Kanari, ka ɗan zame ne a ƙarshe. Zan gyara kamar kullum, amma in ka matso kusa aikin ya fi sauƙi."

"Ka gyara? Muryata kake gyarawa? Ashe shi ya sa in na ji waƙata a waya nake jin kamar ba ni ba! Shekara takwas kana dagula min baiwar da Allah ya ba ni, ina ce maka sannu da aiki!"

Injiniya ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kanari ya ɗauki hularsa ya fice, ya bar ƙofa a buɗe.

To a daidai lokacin akwai wata Hajiya mai babban ɗakin taro da ke neman mawaƙin da zai riƙa yi mata wasa duk Asabar har shekara guda. Irin aikin nan ne da mawaƙi in ya samu sai ya daina zaryar neman gayyata. Ta aiko a kawo mata waƙoƙinsa ta saurara. Kanari ya ce a gaya mata ta ajiye wannan tsohon yayi, ran Asabar da ƙarfe huɗu na yamma zai rera kai tsaye ta intanet daga falonsa, ba sitidiyo, ba na'ura, ita da duniya su ji muryar yadda Allah ya yi ta. Ya aika wa duk wanda ke da lambarsa, har da mai gyaran famfo da ya zo gidan sau ɗaya.

Mai Fiyano, wanda ya daɗe yana yi masa kiɗa, ya ce, "Oga, da mun gwada ko sau ɗaya kafin ranar."

"Gwaji na 'yan koyo ne. Ka taɓa ganin kifi yana gwada iyo?"

Da safiyar Asabar matarsa ta dawo daga kai yara gidan kakarsu ta tarar da gadonta tsirara. Katifarta na tsaye a jikin tagar falo, ta yara ta toshe ɗaya tagar, barguna sun rufe bango, kuma Kanari na kan kujera yana manna kiret ɗin ƙwai a silin.

"Maigida, tashi za mu yi?"

"Sitidiyo nake ginawa. Wannan shi ke hana murya yawo. Abin da Injiniya ke yi wa mutane taƙama da shi ke nan, ga shi na haɗa kafin hantsi."

"To ina za mu sha iska?"

"Iska hayaniya ce. Fanka ma kashe ta za a yi."

"A wannan zafin?"

"Ke dai ki zuba ido. Gobe in kin fita za a riƙa nuna ki ana cewa ga matar Kanari."

"Ai yanzu ma ana nunawa," in ji ta, ta shige ciki.

Da aka toshe tagogi falon ya yi duhu kamar cikin randa. Kanari ya aro babbar fitila ya kafa ta a bayansa, wai don haske ya riƙa fita daga jikinsa kamar yadda yake gani a manyan wasanni. Ya saka rigarsa mai ƙyalli, ya ɗora kwat a kai, ya jingina waya a kan tarin littattafan yara. Sannan aka duba sabis, aka ga sanda ɗaya ce, ita ma tana zuwa tana komawa. Suka yi ta yawo da waya kusurwa kusurwa, har aka gano ba ta kama sabis sai a bakin taga. Dole aka janye katifar matar gida, aka buɗe taga rabi. Ana buɗewa ƙarar injin Mai Walda, maƙwabcinsu na tsallaken titi, ta shigo ta cika ɗakin.

Kanari ya tsallaka da rigarsa mai ƙyalli.

"Maƙwabci, ka kashe injin nan awa ɗaya."

"Lafiya? Wani ne ba lafiya?"

"Duniya ce za ta kalle ni ƙarfe huɗu."

"To duniyar ta zo ta riƙe min ƙarfen nan mu gama da wuri. Ƙofar mutane ce, gobe za su ɗauka."

"Kai ba ka san darajar fasaha ba."

"Na sani mana. Tawa in na gama ana rufe gida da ita."

Ya dawo yana huci, ya hau latse-latsen waya. Can sai fuskarsa ta washe. Ya gano wani maɓalli da ke kashe hayaniya, ya danna, ya nuna wa Mai Fiyano kamar wanda ya tsinci zinariya a kwata.

"Ka gani? Mai Walda ya yi ta sara har gobe, babu wanda zai ji shi."

"Oga, wannan fa don masu taro aka yi shi, masu magana. Ina jin kamar..."

"Waƙa ba magana ba ce mai daɗi? Kai dai taɓa abinka, ka bar ilimi ga masu shi."

Ita kuwa waya ba ta je makarantar kiɗa ba. Abu biyu kawai ta sani a duniya, muryar ɗan Adam da hayaniya. Duk abin da ba daga maƙogwaron mutum ya fito ba, injin walda ne ko fiyano ne ko ganga, a wurinta shara ce, sharewa take ta zubar. Muryar mutum kuwa, ko raɗa ce, sai ta wanke ta tas ta miƙa wa masu kallo.

Ƙarfe huɗu aka fara. Ya zaunar da matarsa a gefe da tata wayar don ta karanta masa saƙonnin masu kallo. Ya yi sallama ya ce, "Jama'a, ga Kanarinku." Ya ɗauki numfashi zai fara, sai ya ji wani daga gefe ya ce, "Jama'a, ga Kanarinku." Ya waiga. Kafin ya gama waigawa na uku ya faɗa, na huɗu ya karɓa, sai wata ƙara ta tashi kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Wane ne ke kwaikwayona?"

"Kai ne," in ji matar. "Maganarka ce ke isowa wayata a makare, taka kuma ta sake ɗauka."

"Kashe sautin! Kada in sake jin ƙwaƙƙwaran motsi daga wayar nan. Karatu kawai za ki yi, kuma yabo kaɗai za ki karanto. 'Yan hassada ki bar su da halinsu."

Ta kashe sauti. Daga nan babu wanda ke cikin ɗakin da ya sake jin abin da ke fita waje.

Mai Fiyano ya saki kiɗa, ganga da komai daga cikin fiyanon, ɗakin ya ɗauka. Kanari ya lumshe ido ya shiga waƙa. A cikin falon abin ba laifi, domin kiɗa ya rufa asiri. A wayoyin mutane kuwa, wata baƙar inuwa ake gani mai ƙyalli a kafaɗa, haske na fita ta bayan kunnuwanta, tana rangaji cikin shiru tsit, sannan ta buɗe baki ta saki wani abu da ya fara a sama, ya gangaro, ya nemi hanya ya rasa. In sabis ya ɗauke sai inuwar ta daskare da baki a wangale, in ya dawo ta ci gaba daga wani wurin daban.

"Mutum nawa?" ya tambaya da ya kai ƙarshen baiti.

"Goma sha bakwai. Maigida, sun ce..."

"Yabo ne?"

"A'a, cewa suke ba sa jin kiɗa."

Ya harari Mai Fiyano. "Ka ji ko? Rowar kiɗa kake yi. Ƙara!"

Mai Fiyano ya ƙara. Waya ta ga hayaniya ta ƙaru, ita ma ta ƙara ƙwazo wajen shara. Aka sake cewa ba a ji, aka sake ƙarawa, har kofuna suka fara rawa a kan tebur, kiret ɗin ƙwai guda ya saki silin ya sauka a kan hular Kanari. Yanzu shi kansa ba ya jin muryarsa, don haka ya koma ihu, jijiyoyin wuyansa duk sun miƙe. Gumi ya jiƙa kwat ɗin, ya gangara cikin takalmi. Fitilar da ke bayansa tana gasa masa ƙeya, ga barguna ta ko'ina, ga fanka a kashe.

"Mutum nawa?"

"Ɗari da arba'in."

"Allahu Akbar! Ka ji, Mai Fiyano? Ko waƙa ta biyu ban gama ba!"

"Maigida, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Yabo ne?"

"Ba yabo ba ne."

"To riƙe abinki."

Ta riƙe. Masu kallo kuwa sun ji wannan ma, kowace kalma garau kamar a kunnensu aka faɗa, kuma nan take kowa ya hau tura wa ɗan'uwansa yana cewa maza ka shigo kada a gama ba kai. Can a tsallaken titi ƙarar walda ta tsaya. Kanari ya lura, ya ɗaga yatsa ya ce wa Mai Fiyano, "Ka ji? Har shi jikinsa ya yi sanyi. Waƙa ta fi ƙarfin ƙarfe." Gaskiya ne Mai Walda ya ajiye aiki. Ya jona wayarsa da sifikar shagonsa, tela da mai kemis da masu jiran a yi musu facin taya duk sun kewaye shi, kowa na riƙe da ciki don dariya.

A waƙa ta uku akwai wurin da mawaƙi ke hutawa kiɗa ya yi ta tafiya shi kaɗai. Kanari ya san a irin wannan wurin ko harbi aka yi ba mai ji, don haka ya juya gefe, yana murmushi ga waya yana rangaji, ya hau magana ta gefen baki.

"Mai Fiyano, in na zo wurin nan mai tsayi ka danne ni da kiɗa sosai yadda ka saba, maƙogwarona ya bushe."

"To, Oga."

"Ke, Hajiyar ta shigo?"

"Tun ɗazu. Maigida, ka yi shiru haka nan."

"In yi shiru a gidana? Ai aikin nan na gama samunsa. Tsohuwar nan me ta sani a waƙa? Ko tukunya ka buga mata tafawa za ta yi. Ɗakin taron nata ma, ba don ni zan shiga ba, wa ke zuwa? Kujeru duk sun karye, banɗaki ba ruwa."

Matar ta dafe kai. Saƙonni na ta gudu a wayarta kamar tururuwa, sai guda ya fito wanda ya sa sauran suka ɗan dakata. Ta miƙe tsaye.

"Maigida, Hajiya ta yi rubutu."

"Yawwa! Wannan kam yabo ne. Ajiye min shi sai na gama, in ji shi a natse."

Sai ga wurin mai tsayi ya iso. Mai Fiyano ya danna da hannu biyu iya ƙarfinsa, amana dai ya riƙe. Kanari ya cika ƙirji, ya ɗaga kai, ya saki. Mutum ɗari shida da wani abu suka ji wannan sautin shi kaɗai, babu ganga babu fiyano, ya hau, ya tsage biyu, ya ƙare da tari. Wayar, wadda ta yi kusan awa tana gasuwa tsakanin fitila da rana, ta ga iya wahalar da za ta sha ke nan, ta ɗauke ɗif.

"Kash!" in ji Kanari yana share gumi. "Jama'a sun yi mata yawa. Ba a yi wayar da za ta ɗauki masoyana ba tukuna."

Daga waje ya jiyo hayaniyar mutane da tafi. Ya gyara kwat, ya karkata hula, ya ce wa matarsa ta matsa masoya sun zo har gida. Ta ce ya bari ya huce tukuna, ya ce ba a barin baƙi a tsaye. Ya buɗe ƙofa ya fito da hannu biyu a sama.

Titin ya cika. Ana ganinsa aka saka shewa da tafi, shi kuma ya riƙa rusunawa dama da hagu. Yana cikin haka sai wata ƙara ta fito daga sifikar Mai Walda, domin an mai da abin baya ana sake ji. Kanari ya yamutsa fuska.

"Haba maƙwabci! Yau ma ba za ka bar mutane su huta ba? Wace dabba ce aka ɗaure take wannan kukan? Ku sake ta mana, alhaki fa!"

Titin ya fashe da dariya gaba ɗaya. Mai kemis ya faɗa jikin tela.

"Maƙwabci," in ji Mai Walda yana share hawaye, "ai mun so mu sake ta, ita ce ta ce yabo kawai take son ji."

Kafin Kanari ya gane inda aka dosa, kukan ya tsaya, sai ya ji wata murya da ya sani sarai tana cewa, "Ka danne ni da kiɗa sosai yadda ka saba." Hannuwansa suka sauko a hankali. Muryar ta ci gaba, ta zo kan tsohuwa da tukunya da banɗaki.

"Sharri ne!" ya ce. "Haɗi ne! Ina kiɗan? Wa ya sace kiɗan? Injiniya ne ya shiga wayata!"

"Oga," in ji Mai Fiyano daga bakin ƙofa, "maɓallin nan ne da ka danna. Na so in faɗa maka."

"Sabis ne! Kowa ya san sabis yana lanƙwasa murya!"

"To ya aka yi bai lanƙwasa zagin ba?" in ji tela. "Shi kam ya iso a miƙe."

Kanari ya juya wajen matarsa kamar mai neman igiya a rijiya. "Ke, karanta musu abin da Hajiya ta rubuta. Karanta da ƙarfi, 'yan hassada su ji!"

"Maigida, mu shiga ciki."

"Na ce ki karanta!"

Ta karanta. "Ta ce, 'Tsohuwar ta ji. Tukunyar ma za ta nema, ta fi arha kuma ba ta zagi.'"

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kanari bai san da wace ƙafa ya koma gida ba, ya dai tsinci kansa a falo, ƙofa a rufe, dariya na shigowa ta rabin tagar nan da aka buɗe don sabis. Mai Fiyano ya naɗe wayoyin fiyanonsa ya sulale ba sallama. Matar ta kunna fanka, ta kashe fitila, ta hau cire barguna tana ninkewa.

Ya daɗe zaune a kan katifar da aka jefar a ƙasa, kwat a cinya. Abin ya ba shi kunya, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne kunnensa na ta maimaita masa wancan sautin, kuma duk ta inda ya juya shi sai ya ga nasa ne. Can ya yi magana da wata ƙaramar murya da matar ba ta saba ji ba.

"Ke, tsakaninki da Allah. Haka nake?"

Ta ajiye bargo ta dube shi. Tausayinsa ya kama ta, amma ya riga ya haɗa ta da Allah.

"Haka kake, Maigida."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara zuwa ƙofar gidanmu kana rera min."

"To ke da kika ji haka, me ya sa kika yarda kika aure ni?"

Ta ɗauki gefen katifar ta ce ya ɗaga ta mayar da ita kan gado.

"Na ɗauka in na yarda za ka daina."